An Ƙunshe Awara da Littafin Maccido

…kuma rubutunsa ne. Nasa. Wa zai nuna wa Maccido hannunsa? Wannan "d" mai dogon wuya kamar raƙumi, wa ke yin irinta duk Sakkwato in ba shi ba? Ga ta nan mai ya jiƙe ta, yaji ya manne mata, awara uku a kanta, ɗaya ma har ya gutsura. Ya ci. A tsaye, a bakin titin Kwalkwalawa, ya ci a kan rubutunsa. Tir.

Dismiss, a sallami mutum daga aiki. Dislike, ƙin da bai kai gaba ba. Disappear… sauran mai ya shanye.

Shekara goma sha tara yana wannan rubutu. Masinja a wani ofis a Sama Road, fayil a hammata, a aljihu ƙamus marar bango da wani akawu ya jefar. Ko aji ɗaya na boko bai zauna ba. Shi kaɗai ya gano kalmomin Nasara gida-gida suke, kamar gidajen Ƙofar Dundaye: zaure ɗaya, in ka shiga kowa da halinsa. Gidan "con", gidan "pre", gidan "inter" — interview, interest, interpreter, kai ɗaya, ciki daban-daban. Ya bi su ɗaki-ɗaki, kowace ya ba ta ma'anarta da Hausar da ko tsohuwa za ta gane. Ƙamus ɗinsa na kansa, ɗauri bakwai. Kowanne ya ɗaure da zaren buhu, da ƙullin bakin taiki da ya koya wurin ubansa, wanda ba ya kwantuwa sai ka san inda ake ja…

Na'ima ta ce a yi kwafi tukun. Ɗiyarsa, ita da ta yi bokon. Da me ya saka mata? Tsawa. A kai wa Dakta Jelani na jami'a kwafi? Jikan malamin da ya ba ubansa karatu, gidan da tun daga waje ake tuɓe takalmi? Kwafi ai na wanda ba ka amince masa ba ne. Ɗan malam asali ake miƙa masa, hannu biyu, ba a kuma tambayar sai yaushe. Ya miƙa. Har da durƙusawa — shi, da furfurarsa, gaban yaron da ya sha ɗorawa a keke.

"Ina nan ina dubawa, Malam Maccido. Na kai tsakiya."

Kowace Juma'a, ƙofar masallaci, shekara biyu. Wace irin tsakiya ce ba a wuce ta, gulbin Rima ne da damina? Za a kai maɗaba'a, wai. Za a sa sunansa a bango, wai. Yau ya ce bari ya biyo shi ofis, aka ce yana mitin, yunwa ta koro shi nan, shi ke nan, ga maɗaba'ar: kasko da matsami.

Mai awara na kallonsa. Mairo, haka ya ji wata ta kira ta.

"Baba, lahiya? Ko yajin ya yi yawa?"

Ya tambaye ta inda ta samu takardar. Wai masu shara ke hiddo su buhu-buhu in an kwashe ofisoshi, haɗe da tsofaffin takardun jarrabawa, duk masu suyar nan daga nan suke samu. Har tana yabawa, wai wagga ta fi sauran shan mai.

Ta fi shan mai. To, an samu mai yabo.

Ya zage ta? Da wane laifi? Sana'arta take yi, ta fi wasu masu babbar riga. Ɗalibai nawa suka tafi da shi a hannu, suka lashe yatsa, suka dunƙule, suka wurga kwata? Masu faɗuwa Turancin nan fa, maganin a tafinsu, suna goge baki da shi. Ga akuya can tana tauna wani shafi, ko gidan wa take ci…

Ƙarƙashin teburinta. Ɗauri biyu. Biyu cikin bakwai. Zare a ƙasa, guntu-guntu, an yanke da wuƙa — amma ƙullin na nan. Kowanne. Ƙullinsa, yadda ya ja shi ranar da ya durƙusa, ba hannun da ya taɓa kwance shi.

Na kai tsakiya.

Ashe Mairo ce ta fara buɗe littafin. Ita kaɗai, duk duniya.

Na sama gidan "re" ne, yana hango shi daga nan. Return, a komo. Repeat, a sake. Remember… a sake da wane ido? Zare ma sai Na'ima ta zura masa a allura. Na'ima — ya shiga gida ya ce mata me? Jibi kuma Juma'a, ga Dakta a ƙofar masallaci. Ya san gwiwar nan tasa, ya san ta sarai, za ta lanƙwashe da kanta kafin ya hana ta, bakin nan da bai taɓa raga wa darakta ba zai ce Allah gafarta Malam, ya iyali…

"Baba, in ƙaro maka?"

Hannunta har ya kai kan shafi na gaba. Ya buɗe baki. Kalmomi ɗauri bakwai, ya rasa ko ɗaya…