Gaurakan Gulbin Kalgo

Abdulbaƙi malamin makaranta ne a Gwandu, kuma mutane sun gaji da yi masa dariya. Ƙato da gemunsa, aikinsa bin tsuntsaye da madubin hangen nesa! Ba ya harbi, ba ya kamu, kallo kawai. Shi dai burinsa ɗaya, ya ga gauraka a daji kafin ta ƙare, don rabonsa da ita tun yana ƙarami.

Da wani makiyayi ya ce ya ga guda biyu a gulbin da ya raba ƙasar Kalgo da ƙetare, bayan Wurogauri, ko karyawa bai tsaya yi ba. Ya hau babur, ya sauka gidan wani masunci, Lawali, dattijo mai hannun kyauta.

Lawali ya tuƙa shi a kwalekwale. Ruwan ya yi shiru irin wanda ba ya yi wa mutum daɗi. Gaɓar duk an share ta an zuba shinkafa, sai wani ɗan tsibirin ciyawa da ya tsira. Can suke. Namijin yana tsaye da tukkunsa ruwan zinare, macen kwance a kan ƙwai.

"Su kaɗai sunka rage gulbin ga," in ji Lawali.

Hawaye ya zubo wa Abdulbaƙi, bai ko share ba. Ya ce, "Wallahi Baba, da zan ganta kusa da ni, da na gama samun duniya."

Lawali ya dube shi, ya tambaya, "Wacce ta fi kwanta maka, Malam?"

"Ta kwancen nan," ya ce, ko sauke madubin bai yi ba. Bawan Allah, ya karanci tsuntsaye kaf, ya manta da yadda ake karɓar baƙo a bakin gulbi.

Bayan azahar ya ɗan kishingiɗa a zaure. Da ya farka, gidan ba namiji ko ɗaya, tarun da ke shanye a kan danga kuma babu shi. Ya kasa kunne. Daga wajen ruwa yana jin kukan gauraka, murya ɗaya, tana yi tana sakewa, ba mai amsa mata.

Ya fito ke nan sai ga Lawali da maƙwabta, jiƙe sharkaf, kowa fuska a sake. A hannun dattijon ga macen nan, ƙafafu ɗaure, fiffike ɗaya yana reto.

"Ga ta, Malam. Baƙonmu ba shi son abu ya koma hannu wofi. Mun karya mata hiffike, ba ta ƙara tashi, sai ta zauna maka cikin gida." Ya yi murmushi. "Ƙwan ma ba mu bari ba, matata Zulai na can tana dahwa maka."

Abdulbaƙi ya dubi fiffiken da ke reto. Ya dubi ƙafar dattijon, ƙaya ta yage ta, jini yana bin laka. Mutane sun yi cirko-cirko suna jiran su ga murnarsa.

Ya durƙusa, ya miƙa hannu biyu ya karɓa. Zuciyarta tana bugawa a tafinsa.

"Na gode, Baba," ya ce.