Fasfon Jikan Mai Allura

Alidu mutum ne mai ƙetare iyakokin ƙasashe kowane mako, amma bai taɓa riƙe fasfo ba. Tumaki yake saye a ƙauyukan Burkina da Togo ya koro su kasuwar Bawku, kuma duk takardar da ya mallaka ita ce ƙullin goro da iya gaisuwa. 'Yan kwastan tun daga nesa suke gane shi, don ba a ɓoye Alidu cikin taro: fata jawur, gashi kwance, hanci kamar an ja shi da zare. Buroni suke kiransa, wato Bature, shi kuwa ya amsa da fara'a.

Hoto ne ya ɓata masa lissafi. Abokinsa Abdulai, wanda a da ko koko sai an saya masa, ya aiko da hotonsa daga Landan, ya jingina da wata mota, sanye da kwat har gwiwa. Duk Bawku an san motar ba tasa ba ce. Kwat ɗin dai nasa ne, kuma shi ya hana Alidu sakat. Shekarar 1991 ce, sidi, kuɗin Ghana, kullum sai ramewa take yi, tumakin ma haka. Ya ce a ransa, idan Abdulai da ba shi da kowa a Turai ya shiga, ina ga ni da kakana ɗan can ne?

Kakan nan likitan shanu ne na zamanin mulkin Turawa, mutanen Salaga suna ce masa Mai Allura. Ya zo ya yi wa shanu rigakafi, ya koma inda ya fito, ya bar Zuwera mai tallan nono da ciki. Da ta haifi mace, wani mai ɗinkin hula, Malam Seidu, ya tashi ya yi wa jaririyar huɗuba a kunne, ya yanka rago, ya raɗa mata suna Salimatu, daga baya ya auri uwar. A zangon Salaga kuwa, wanda ya yanka rago shi ne uba, magana ta ƙare. Salimatu ita ta haifi Alidu.

Sai ya sayar da raguna, ya gangara Ankara, babban birnin Ghana, ya yi layi a ofishin jakadan Ingila har ƙafafunsa suka yi tsami. Wata mata ta saurare shi ta bayan gilashi, ta gaya masa cikin ladabi cewa kaka ba ya ba jika fasfon Ingila, balle kakan da ba a ɗaura masa aure ba. Alidu ya nuna mata hancinsa. Ta ce hancin ya yi kyau, amma ba a buga masa hatimi.

A hanyar komawa lori ta lalace a Yendi. Nan a garejin ya tarar da wani tsohon Bature, Fada na cocin garin, yana jiran a gyara masa babur. Ya daɗe a arewa har Hausarsa ta fi ta Alidu gishiri.

"Samari, ina ka samo wannan hanci?" in ji Fada.

Alidu ya kwashe labari ya ba shi, har da sunan Mai Allura na ainihi, wanda ya samo wurin wani tsohon malamin dabbobi a Bawku: Makuloski.

Fada ya yi dariya har da tari. "Ka je gidan da ba naka ba. Wannan suna na mutanenmu ne, Ayilan."

"Amma aikin Sarkin Ingila ya yi."

"Kakanninku ma sun yi masa aikin soja. Sun zama Ingilishi?"

Ya bayyana masa cewa Ayilan tsibiri ne a gefen Ingila. Arewacinsa har yau yana hannun Ingila, kuma a can wani ya ce shi ɗan nan ne, maƙwabcinsa ya ce shi ɗan can ne, wani kuma ya riƙe fasfo biyu ya yi shiru.

"Ashe su ma 'yan zango ne," in ji Alidu.

"Kusan haka. Amma mu muna ƙirga jika. In an haifi kakanka a tsibirin, ko kudu ko arewa, kana da hanya. Da fasfonmu kuma Landan za ka shiga ka zauna, ba mai tambayarka."

Tsuntsu daga sama gasasshe. Fada ya ce zai nemo shaidar haihuwar mutumin daga gida. Abin da ya rage wa Alidu shi ne ya kawo mahaifiyarsa kotun Yendi ta rantse cewa Makuloski ne ubanta, sannan a aika komai ofishinsu na Legas, a ga abin da Allah zai yi. Alidu ya ce ai wannan shan ruwa ne. A nan ya yi kuskure, irin na yaron da ya bar gida da wuri: ya ɗauka abin da kowa ya sani, faɗarsa ba komai ba ce.

Ya tarar da Mma Salimatu a ƙofar gida a Salaga tana tuyar masa. Ta kusa sittin, fuskarta ta yi ja da zafin murhu. Sai da ya ci ya ƙoshi sannan ya kawo zancen, yana washe baki.

Ta juya masa guda, ta juya ta biyu. "Wato in tafi gaban hukuma, in dafa Alƙur'ani, in ce Baba ba ubana ba ne."

"Ba haka ba, Mma. Sunan wancan kawai za ki faɗa. Kowa ya sani fa. Madubi ma ya sani."

"Kowa ya sani. Ka taɓa jin wanda ya faɗa?"

Ya yi tunani, bai tuna ko mutum ɗaya ba.

"An taɓa yi sau ɗaya," in ji ta. "Ina ƙarama, a bakin rijiya, wata mata ta ce mini 'yar Bature. Baba bai ce mata kanzil ba. Amma har ya mutu bai sake ɗinka wa mutanen gidansu hula ba. Mijinta da kai tsirara ya je Idi."

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Sai ta dube shi sosai. "Kana son tafiyar nan?"

"Ina so, Mma. Na gaji da bin bayan tumaki."

"To, za mu je."

Daɗi ya kama Alidu, bai tsaya ya duba fuskarta ba. Ranar tafiya ta fito da zanen da take ajiya don bikin manya, ta sa turare, ta gaya wa maƙwabta asibiti za ta. A cikin lori, daga Salaga har Bimbilla, yana koya mata sunan. Ta ce Makulli, ya gyara. Ta ce Mai Kuloki, ya gyara. Matan da ke kusa suka ɗauka sunan magani ne, ɗaya har ta tambaya ko yana maganin ciwon gwiwa. Bayan Bimbilla Mma ta daina maimaitawa, ta juya tana kallon gonakin doya har suka isa.

Fada yana jiransu a barandar kotu. Ya gaishe ta da rusunawa, ta amsa ba ta ɗaga kai ba. Ta nemi buta ta yi alwala a gindin bishiya, a hankali, kamar mai shirin sallar gawa.

Akawun da ke rantsar da mutane Badagombe ne, da Hausar kasuwa a bakinsa. Ya ajiye Alƙur'ani a kan tebur, ya saka takarda a keken rubutu.

"Mma, sa hannunka nan. Faɗi sunanka."

"Salimatu."

"Ina an haife ka?"

"Salaga."

"Wane ne babanka?"

Alidu yana tsaye a gefe. Ta juyo gare shi da ɗan murmushin kunya, irin na wadda ta manta saƙon da aka aike ta.

"Alidu, ka taimake ni. Yaya ma sunan uban nawa?"

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Sunan yana kan harshensa, Landan tana bayan sunan, kuma ya san in ya faɗa za ta maimaita.

"Malam Seidu ne, Mma."

Akawu ya ɗago kai. "Ba haka Fada ya gaya mini ba."

"Rubuta abin da za ta faɗa," in ji Alidu.

Mma Salimatu ta gyara tsayuwa, ta danna tafinta a kan littafin. "Malam Seidu na Salaga, mai ɗinkin hula. Allah ya jiƙansa."

"Amin," in ji akawu, don ba yadda zai yi. Ya buga, ya sa hatimi, ya miƙa wa Alidu takardar da ba ofishin da zai karɓe ta a duniya. Fada ya sa hularsa, ya dafa kafaɗar Alidu, ya tafi wajen babur ɗinsa.

A tasha suka zauna kan benci suna jiran lori. Ran Alidu ya ɓaci, ba zai yi ƙarya ba. Yana son Landan, kuma yanzu ya san ba zai gan ta ba sai a hoton Abdulai.

"Ka yi asarar Turai," in ji ta.

"Na yi."

"Da ka gaya mini sunan, wallahi da na faɗa."

"Na sani, Mma. Shi ya sa."

Ta share ido da bakin mayafi. Da lorin Salaga ta zo, ya hau tare da ita ya zauna kusa da ita, ko da yake hanyar Bawku ba nan ta bi ba.