Safar Hannun Sarkin Kwana

Mai ɗinki tana naɗe wayoyin kwamfutar maƙwabciyarta Anti Nas, kwana uku da rasuwarta, sai allon ya haska. Saƙonni ne ke ta shigowa. Ƙanin marigayiyar ya riga ya sanar da masu kallo cewa Sarkin Kwana ya rasu, bai ƙara komai ba.

Shekara huɗu Anti Nas tana wasan tseren mota a intanet da wannan suna, idan ta taso daga aiki. Ba murya, ba fuska. Hannuwanta kawai kyamara ke ɗauka, cikin baƙar safa. Mai ɗinki ce ta ɗinka safar, ta cusa soso a yatsun don su yi kauri irin na maza. Da farko da fuskarta Anti Nas ta fito, ko mako ba a yi ba suka ishe ta: wannan ya nemi lambarta, wancan ya ce ta koma kicin. Da ta dawo a matsayin namiji, sai ga mutum dubu uku suna ce mata oga. Takan yi dariya ta ce ashe soso ne ya rage mata ta iya tuƙi.

Da ciwo ya kwantar da ita, ta sa mai ɗinki ta yi alkawarin rufe bakinta.

Yanzu ga kowa yana rubuta abu ɗaya: Allah ya jiƙansa. Baƙin ciki ya turnuƙe mai ɗinki. Addu'a dubu, duk ana aika wa mutumin da ba a taɓa haifa ba.

"Anti, bar su," ƙanin ya ce wa mai ɗinki daga bakin ƙofa. "Allah ya san wadda ake nufi."

"Ya sani. Su ne ba su sani ba."

Ta nemi gafarar ƙawarta a zuci, ta zauna kan kujerar, ta rubuta da yatsa ɗaya: Jiƙanta za ku ce.

Saƙonni suka tsaya cak. Wani ya ce ƙarya ce, wasu suka fice. Can sai Ƙaton Direba, wanda kullum yake zuwa na biyu a tseren, ya rubuta: "Allah ya jiƙanta. Ni ma ba ƙato ba ce."

Mai ɗinki ta jawo safar, ta zare soson yatsa bayan yatsa. Ta shimfiɗa ta kan tebur gaban kyamarar, ƙarama, daidai hannun mai ita.