Wayar da Banki Ya Buga wa Koubra

Duk wanda ya ji sunan jami'ar da Siradji Mainassara ke karatu sai ya ce, "A ina take?" Har direbobin tasi na Sabha a kudancin Libiya, da suka san kowane lungu, sai ka yi musu kwatance da shagon mai faci da ke kusa da ita. Jami'a ce mai zaman kanta, bene ɗaya tak. A nan yake karanta harkar kuɗi da zuba jari, kuma shi ne na ɗaya a ajinsu, in dai wannan abin faɗa ne a ajin da bai cika benci huɗu ba.

Abin da yake nema shi ne sitaj, wato zaman koyon aiki na 'yan watanni, a wani bankin zuba jari da ke Tarabulus. Ba irin bankin da mutane ke shan rana a layi don cirar albashi ba ne. Irin wanda manyan kamfanoni ke zuwa ne in za su sayar da hannun jari ko su saye juna. Ya yi wa mutanen unguwarsu ta Tayuri wannan bayani har bakinsa ya gaji, amma a banza. Matan unguwa sun riga sun yanke hukunci cewa yaron Koubra zai zauna a bayan gilashi, su kuma sun huta da layi.

Bankin ya saba ɗaukar yaran manyan jami'o'i, masu kawu a wani ofis. Siradji kuwa ba shi da kawu a ko'ina sai a gonar dabino. A Sabha aka haife shi, amma iyayensa 'yan Nijar ne daga wajen Tawa. Mahaifinsa na ban-ruwa a wata gona a Samnu, ba ya zuwa gida sai ƙarshen wata. Don haka Siradji ya bi hanyar marar gata. Abin da ba a koya musu a aji ba ya koya a waya, yadda ake auna darajar kamfani da yadda ake karanta rahoton shekara. Sannan ya dinga aika saƙo ga duk ma'aikacin banki da ya ga sunansa a intanet. Mafi yawansu ko buɗewa ba su yi ba.

Mutum ɗaya ne ya amsa, wani Balarabe mai suna Zuhair, ɗan asalin Ghudduwa ta wajen Sabha, da ke aiki a bankin. Ya ce ya amsa ne kawai don ya ga Sabha a adireshin. Shi ya miƙa takardun Siradji ciki. Aka yi masa jarrabawa ya ci, aka yi ganawa ta bidiyo har sau biyu. A ta biyun wani mai gilashi ya tambaye shi ko jami'ar tasu tana da rajista kuwa, Siradji ya haɗiye ya amsa da ladabi. Daga ƙarshe aka ce an ɗauke shi, saura abu ɗaya. Da yake ba ɗan ƙasa ba ne, za a kira wani nasa na jini a tabbatar da bayanansa. Wayar mahaifinsa ta fi zama a kashe, sai ya ba da lambar mahaifiyarsa. Bai yi tunanin komai ba, kuma a nan ya yi wauta.

Ranar da aka kira, Koubra na tsakar gida da mata suna gyaran kuɓewa. Wata mai suna Mariam daga ofishin ɗaukar ma'aikata ta gaishe ta da Larabci, wanda Koubra ke ji sarai bayan shekarun da ta yi a garin.

"Ke ce mahaifiyar Siradji Mainassara?" in ji Mariam.

To, Siradji ɗan fari ne. A inda Koubra ta fito, mace mai kunya ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta ma yarda a gaban mutane cewa nata ne. Tun da ta haife shi "kai" take ce masa, in kuma ba ya nan ta ce "yaron nan". Ga mata sun zuba mata ido, waya kuma a buɗe kowa na ji.

"A'a," ta ce. "Yaron gidan nan ne dai."

"Ba ɗanki ba ne?"

"Na yayata ne," in ji Koubra, wadda yayarta ko Libiya ba ta taɓa takawa ba. Matan suka yi dariya, suka yaba da kunyarta, aka ci gaba da yanka kuɓewa.

Da la'asar Zuhair ya kira Siradji, ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce an ajiye takardunsa gefe, an rubuta cewa bayanansa sun saɓa. "Ni na tsaya maka, ya Siradji. In matar nan ba mahaifiyarka ba ce, me ya sa ka rubuta ta?"

Siradji ya yi ta bayani, yana jin yadda maganar ke zama shirme a bakinsa da Larabci. Zuhair ya ce ya taɓa jin irin haka a wurin ma'aikatan gonar kakansa, amma mutanen Tarabulus ba za su gane ba. "Da daga babbar jami'a kake, da sun ce kuskure ne. Kai kuwa dama neman dalili ake. Zan roƙi Mariam ta sake kira gobe da hantsi, ta bidiyo. Mahaifiyarka ta nuna fasfo ɗinta, ta faɗi sunanka da bakinta, ta ce ɗanta ne. Daga wannan ba ni da sauran magana."

Ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya rasa wanda zai yi wa fushi. Fuskantar Inna da irin wannan magana kuwa ba ya cikin tarbiyyarsa, sai ya bi ta hannun Rahamatou, maƙwabciyarsu kuma aminiyarta. Yana tsaye a soro yana jin su.

"Ke Koubra, wanga kunya taki za ta kashe ma yaro aiki," in ji Rahamatou. "Larabawa ba su san ta ba."

"To mi zan ce? In buɗe baki in kama sunanai kamar wata marar mahwaɗi?"

"Sau guda ne. In kin gama ki kurkure baki."

Koubra ta ci gaba da aikinta.

Washegari da hantsi aka kori kowa daga ɗakin. Matan suka koma tsakar gida, kowace ta samo aikin da za a yi kusa da taga. Siradji ya jingina wayar da kwano a kan tabarma, ya koma bakin ƙofa ya tsuguna. Koubra ta ja mayafi har goshi. Mariam ta bayyana, ta duba fasfon, ta yi rubutu.

"Hajiya, faɗa mini cikakken sunansa, da abin da ke tsakaninku."

Koubra ta kalli bango. Ta gyara zama, ta share wani abu da babu shi a kan tabarma. Siradji ya kalli hannunta, hannun da ya yi wankau a gidajen Larabawa har ya kai shi jami'a. Sai tausayinta ya kama shi, ya ji kunyar kansa. Don ya je ya koyi lissafin kamfanonin wasu ne zai tsayar da tsohuwa a gaban baƙuwa, ya sa ta yin abin da take gani tsiraici ne?

"Inna, bar shi," ya ce a hankali. "Wallahi ba komi. Wani aikin zai zo."

Ba ta dube shi ba. Ta sunkuyar da kai, ta motsa baki, ta faɗi wani abu can ƙasa-ƙasa. Daidai nan hoton Mariam ya daskare, kamar yadda rezon waya na Tayuri ya saba yi wa mutane. Da ya dawo sai ta ce, "Yi haƙuri, Hajiya, layi ya yanke, ban ji komai ba. A maimaita."

Wata a bayan taga ta ce, "Innalillahi."

Koubra ta ɗago kai. Da alama haushi ne ya zo mata, haushin rezo da na banki da na masu leƙe gaba ɗaya. Ta jawo wayar kusa da fuskarta, ta ɗaga murya yadda har mai shago a bakin layi zai ji.

"Siradji Mainassara. Ɗana ne. Ni na haife shi, a ɗakin nan da kike gani, shi ne na fari. Bai taɓa ɗaukar abin wani ba, bai taɓa sa ni kuka ba. In kun ɗauke shi kun yi dace, in kun bar shi ku kuka yi asara. Kin ji yanzu?"

Mariam ta yi murmushi, ta ce ta ji, ta ce ya shirya ya zo farkon wata.

Koubra ta ture wayar gefe, ta juya masa baya tana gyara mayafin da bai karkace ba.

"Inna, na gode," ya ce.

"Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi ya fita, ya wuce matan ba tare da ya gan su ba. Sai da ya kai bakin titi yashi ya ƙona masa ƙafa, sannan ya lura ashe ko takalmi bai sa ba. Ya tsaya a nan yana share hawaye, kuma ko kaɗan ba bankin yake tunani ba.