Ganyen Kukar Sharhabil

Sharhabil ya fito tsakar gida riƙe da tsumman goge kasko, sai ya tsaya cak. Kukarsa tana nan bisa benci inda ya bar ta jiya, amma tsirara take. Ko ganye ɗaya babu a jikinta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Shekara goma sha bakwai yana rainon wannan kuka a cikin kasko, tun yana aiki a sakatariya, da dabarar nan ta Japanawa da ake kira bonsai: a datse saiwa, a lanƙwasa rassa da waya, bishiya ta tsufa ba ta wuce gwiwar mutum ba. Yau kuma ranar baje kolin ƙungiyarsu ta masu rainon irin waɗannan bishiyoyi ce, ranar da Dakta Ja'afaru zai zo daga Zariya ya duba aikin kowa, ya zaɓi waɗanda za su hau teburin gaba. Sau uku Sharhabil yana kai wasu bishiyoyin ana mayar da shi baya. Kukar ce ya tanada don wannan rana.

Matarsa Nusaiba ta leƙo daga kicin, ta ga abin da ya faru, ta koma ciki. A inuwar katanga kuwa Gwaggo Hansai, yayar mahaifinsa da ta zo daga Rigachikun ganin likita, tana zaune bisa tabarma tana jan carbi. Ga faifai a gefenta, an baza ganye kore shar.

"Gwaggo," in ji Sharhabil, "wannan ganyen fa?"

"Na 'yar kukar nan ne. Da sassafe na tsinke shi kafin rana ta taɓa shi. Kai ɗan nan, kuka a cikin gida, matarka tana sayen gari a kasuwa? Ko da yake ba auki, da ƙyar ya yi miya ɗaya."

"Gwaggo, yau za a duba ta."

"Wa zai duba ta? Ba ta da lafiya ko? Da ma na faɗa a raina, wannan tsumburewa ba ta banza ba ce."

Matar da ta goya shi, ina bakin yi mata faɗa? An riga an rubuta sunansa cikin masu baje koli, ba damar fashi. Ya ɗauki kukar ya sa a mota, ya bar Unguwar Kanawa ransa a jagule.

A ɗakin taron wani otal a Unguwar Rimi an jera tebura da fararen ƙyallaye. Yana sauke kayansa abokinsa Mustapha ya zaro ido.

"Alhaji, fara ce ta sauka a gidanku?"

Sharhabil ya ɗora kaskon, mai ruwan bula mai sheƙi wanda ya sa aka kawo masa daga Legas, bisa ɗan teburin katako mai sassaƙa, ya koma gefe kamar mai jiran hukunci.

Dakta Ja'afaru tsoho ne siriri, mai faɗin gaskiya komai ɗacinta. Da ya iso kan kukar, ya zagaya ta sau biyu, hannuwansa a baya.

"Wannan kasko na ɗakin amarya ne," ya ce. "Kuka bishiyar fako ce, kasko mai launin ƙasa take so. Teburin ya yi tsayi, sassaƙarsa ta fi bishiyar surutu. An dasa ta a tsakiya daram kamar turke, ba a bar wa ido wurin hutawa ba. Fuskarta ma ba nan take ba, kun juya mana ƙeyarta. Ga tabon waya nan a reshe na biyu, an bar ta ta ci fata."

Kowace kalma sai da Sharhabil ya ji ta har cikin ƙashinsa. Ga shi Dakta bai ma zo kan ganyen ba tukuna.

Tsohon ya sa tabarau, ya sunkuya kan ƙananan rassan. Ya daɗe a haka, har mutane suka fara kallon juna.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ku matso ku gani. Shekara nawa ina gaya muku ba a nuna kuka da riga? Kyanta a rassa yake. Wannan ba almakashi aka sa ba, da farce aka yi. Kowane ganye an bar masa ɗan guntun kara don kada idon toho ya ji ciwo, ko ɗaya ba a yage ba. Nan da sati uku za ta fitar da ganye ƙanana masu kyau. Ban taɓa ganin tsinka irin wannan a Kaduna ba. A kai ta gaba."

Dakta ya jawo wata 'yar tsamiya daga teburin kusa ya tura wa Sharhabil.

"Hannunka ya fi idonka, Alhaji. Nuna musu yadda ka yi."

Wayoyi suka tashi sama, kowa na shirin ɗauka. Sharhabil ya dubi tsamiyar, ya dubi yatsunsa. Bai san ma ta inda ake farawa ba.

"Allah ya gafarta Malam, ba ni ba ne. Kaskon nawa ne, teburin nawa ne, tabon wayar ma ni na yi. Ganyen kuwa gwaggona ce ta tsinke, miya za ta yi."

Ɗakin ya ɓarke da dariya, Mustapha har da riƙe ciki. Dakta Ja'afaru bai ko murmusa ba. Ya ɗauki katin sunan da ke gaban kaskon, ya zaro biro daga aljihu.

"Yaya sunanta?"

Sharhabil ya faɗa masa. Tsohon ya rubuta shi da manyan baƙaƙe a saman sunan Sharhabil, ya miƙa masa katin. Sharhabil da kansa ya ɗauki kukar da hannu biyu ya kai ta teburin gaba, ya jingina katin a gindinta yadda kowa zai iya karantawa.