Firij Na Hannun Hagu

Firijinmu ya mutu Umma tana asibiti, ba wanda ya sani sai da ya yi wari. Kwana goma sha tara ba a ɗora tukunya a gidan ba. Ni ina kwana wurinta, Baba yana dawowa da yamma ya ci burodi a tsaye ya kwanta. Ranar da na zo ɗaukar mata kaya na tura ƙofar kicin, warin ya mayar da ni baya. Ruwan nama ya biyo ƙarƙashin firijin ya bushe a kan tayil. Na ɗaure hanci da tsumma na kwashe komai a leda uku: naman da ta raba ƙulli-ƙulli, tumatirin da ta markaɗa, rabin lemon tsami da ta kife wa kofi. Mai gyara ya zo ya taɓa bayansa, ya ce injin ya ƙone, kada mu wahalar da kanmu.

Yaya ta kira daga garin da take aure ta ce a sayi sabo kafin Alhamis, ita ta ɗauki nauyi. Ran Alhamis za a sallami Umma.

Hawan jini ne ya kayar da ita a gaban murhu. Ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa. Magana tana fita, amma a hankali, kamar ana jawo ta da igiya. Ran Litinin likita ya kira ni waje, don ni ya fi gani, ya ce mu shirya gida saboda keken guragu, kuma kada mu sa rai da wata ɗaya ko biyu. Na gaya wa Baba a bakin ƙofar asibiti. Ya ce likita ba Allah ba ne. Ba mu ƙara tayar da zancen ba, ita kuwa ba wanda ya gaya mata.

Umma ba ta iya cewa a ba ta. Shekara talatin ita ke miƙa wa mutane, Baba ma Manaja yake kiranta. A asibiti sai ta wuni da ƙishi, leɓenta ya tsage, gorar ruwa tana gefen da hannunta ba ya kaiwa, amma ba za ta kira kowa ba. Sau biyu aka yi mata ƙarin ruwa saboda haka. Kuma in ruwan ba mai sanyi ba ne, kurɓa ɗaya take yi ta ture. Mako mai zuwa zan koma aiki a ɗakin ajiyar kaya, bakwai zuwa biyar. Baba yana jan motar makaranta safe da rana. Rabin yini za ta riƙa yi ita kaɗai a gidan.

Ran Laraba muka je kanti. Firij sun yi layi biyu, duk da leda a jikinsu. Mai kantin gajere ne mai tumbi, maƙwabtansa suna kiransa Garanti.

"Baba, sannu da zuwa. Wanne za a ba Hajiya? Duk abin da ke nan da garanti, har ni."

Baba bai yi dariya ba. Ya wuce kai tsaye ƙarshen layi ya dafa wani dogo mai ruwan azurfa. Wurin daskarewarsa yana ƙasa, wurin sanyi yana sama, ga 'yar fitila shuɗiya a jikin ƙofar.

"Wannan."

"Kai, Baba ya san kaya! Wannan ko wuta ta ɗauke kwana biyu, ƙanƙara ba ta jin labari."

Na san shi. Bara mun wuce ta gaban kantin nan da Umma, ta tsaya ta leƙa ta gilashi, ta ce irin wannan ba sai mutum ya sunkuya ba, bayanta ya gaji da sunkuyo. Baba ya ce mata, "Manaja, bari tsohon ya mutu tukuna." To ga shi ya mutu.

Bayan teburin Garanti akwai kujera mai taya. Na ce ya ara min.

"Ɗan samari, kujerar ba ta sayarwa ba ce fa."

Na jawo ta gaban dogon na zauna. Na danne hannuna na dama ƙarƙashin cinya, na ɗaga ƙafafu daga ƙasa, na miƙa hagu na kama mariƙin ƙofar sama. Sai da na yi miƙa kafin na kai. Na ja. Robar bakin ƙofar ta riƙe gam, kujerar ce ta taho, gwiwata ta bugi firijin.

"Me kake yi haka?" in ji Baba.

"Gwaji."

"Tashi. Mutane suna kallo."

Na sake ja, kujerar ta juya da ni.

"Keken da suka ba ta yana da burki," in ji shi.

"Biyu ne. Na dama ba ta kaiwa. In ta ja na hagu kaɗai, haka zai riƙa juyawa."

Garanti ya buɗe min ƙofar da kansa, ya koma gefe. Daga inda nake zaune, kantar farko ta cikinsa tana daidai goshina. Na miƙa hannu, yatsuna suka taɓa bakinta kawai. Na tambaye shi ko ana juya ƙofar ta riƙa buɗewa ta ɗaya gefen. Ya ce wannan dai a'a, wayar fitilar ta bi ta cikin maƙalin.

A ɗaya layin akwai wani gajere fari, iyakarsa ƙirjina, wurin daskarewa ɗan ƙarami a sama, wurin sanyi a ƙasa. Irin wanda ake gani a ɗakin gwauro. Na tura kujerar can. Ƙofarsa ba ta da ƙarfi, yatsa biyu suka buɗe ta, sai dai dama take buɗewa, sai na ƙetara hannu ta gaban ƙirjina.

"Wannan ana juya shi," in ji Garanti, muryarsa ta sauka. "Kusoshi huɗu ne. Minti goma."

"Ba zan kai mata wannan ba," in ji Baba. "Akwatin takalmi? Matar da ke dafa wa mutum goma in an yi baƙi?"

"Ba za ta dafa ba, Baba."

Ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

"Kai ka haife ta? Ka riga ka zaunar da ita ke nan. Tun ba ta dawo gida ba ka yanke mata tsayi."

"Ba ni na yanke ba."

"Za ta tashi. Da ƙafarta za ta tsaya gaban wancan ta buɗe."

"To kafin ta tashi fa? Wa zai ba ta ruwa ƙarfe goma sha ɗaya na safe? Kana hanya da yaran mutane, ina ɗora kwali. Ka san ba za ta kira maƙwabciya ba. Ka ga leɓenta jiya?"

Ban saba yi masa doguwar magana ba. Garanti ya ɗauki tsumma ya shiga goge wani firij da ba shi da ƙura.

Baba ya matso ya ce, "Tashi min."

Na tashi, ya zauna. Kujerar ta yi ƙara. Ya tura kansa da ƙafa zuwa gaban dogon, ya cusa hannun dama cikin aljihun riga, ya ɗaga ƙafafunsa kamar yadda na yi. Ya ja, kujerar ta taho. Ya ja da ƙarfi, ta juya shi har ya ba firijin baya, yana fuskantar titi. Hularsa ta faɗi. Bai ɗauka ba, bai juyo ba. Na ga kafaɗarsa tana motsi, sai na duba wani wurin.

Da ya miƙe ya ce wa Garanti, "Juya ƙofar ƙaramin." Ya fita ya jira a waje.

Da yamma aka kawo shi. Masu dako suka ce kada a jona shi sai ya huta awa huɗu a tsaye. Na tura shi gurbin tsohon. Bai cika wurin ba. A samansa bango ya fito fili, fenti mai haske inda tsohon ya rufe shekara da shekaru, kusan kamu ɗaya. Na ɗora kwando a kai, bai rufe ba. Da safe na cika gora shida na jera a kanta ta ƙasa da jikin ƙofa, na sa maganinta kusa da su.

Da azahar muka shigo da ita. Keken ya goge bakin ƙofar falo, ya wuce da ƙyar. Baba ya ce a kai ta ɗaki ta huta. Ta girgiza kai ta nuna kicin da haɓa.

Na tura ta ciki. Ta dubi murhu, ta dubi inda ta faɗi, sannan ta dubi firijin. Idonta ya hau sama zuwa farin bangon, ya tsaya can. Ta ga mariƙin ya koma dama, ta sauke ido kan hannunta na hagu.

"Likita ne," ta ce, ta numfasa, "ya zaɓa muku?"

Baba ya kawar da kai.

"To," ta ce.

Ta ja burkin hagu da kanta. Ta miƙa hannu, ƙofar ta buɗe ta tafi gefe, sanyi ya bugi ƙafafunta. Ta ɗauko gora ta ɗora a cinya. Nan na ga abin da na manta: murfin. Ni na ɗaure su da safe, da ƙarfina duka, don kada su zuba.

Ta murɗa, gorar ta juya tare da murfin. Ta matse ta da gwiwa, gwiwar dama ba ta riƙe ba, gorar ta sulɓe, ta tare ta da gwiwar hannu. Baba ya yi taku ɗaya. Na riƙe masa riga.

Ta ɗaga gorar ta kai bakinta, ta kama murfin da haƙoran gefen da ke aiki, ta murɗa gorar da hannu. Jijiyar wuyanta ta tashi. A karo na uku ya saki. Ruwa ya zubo mata a haɓa da ƙirji. Ta tofar da murfin, ya gangara ƙarƙashin murhu. Ta sha, ta huta, ta sake sha har ta wuce rabi.

Ta mayar da gorar jikin ƙofa ba murfi, ta tura ƙofar ta rufe.

"Auta," ta ce, ba ta juyo ba. "Gobe kar ka ɗaure."

"To, Umma."

"Ku fita. Ku ja min ƙofa."

Muka fita. Baba ya zauna a hannun kujerar falo, hularsa a hannu. Ni na tsaya jikin bango. Daga ciki ba a jin komai sai ƙarar injin. Can muka ji ƙofar firijin ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa.