Inda Baffa Hirsi Ya Tsaya

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, domin karatuna bai wuce firamare ba, kuma kunya ce da ni. Amma ni ce a wurin.

"Sake, Idil," in ji Baffa Hirsi. "Kin haɗiye kalma ɗaya. Yunwa kike ji?"

Na ajiye masa farantin lahoh, wainar ƙasarmu, da shayi, na sake daga farko, idona a kan tabarma.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa a Hargeisa. Da can shi ke tsara wasannin kwaikwayo, har fim ya taɓa yi. Fim ɗin da takardunsa duk sun ƙone a yaƙi, tun daga nan ya daina yarda da takarda. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, sai ya fara wata doguwar waƙa a kan rijiya ɗaya da dangi biyu ke faɗa a kanta. Kullum da hantsi yakan ba ni baitoci, ni kuwa in haddace. A wurinmu mai haddace waƙa sai ya ambaci sunan mai ita kafin ya fara, kuma ba ya ƙari, ba ya ragi.

"Cikin duk mutanen gari ka rasa wanda za ka ɗora wa sai wadda ko akuya ba ta iya kora da murya?" in ji matarsa, Gwaggo Timiro.

"Masu murya sun cika gyara min magana," ya ce. "Ke ce ta farko."

"Da ban gyara ka ba, da wa zai saurare ka?"

Ranar Laraba ya kai inda wata tsohuwa a cikin waƙar ta tsaya a bakin rijiya, mazan ɓangarorin biyu kowa riƙe da mashi. Ya ce, "Ta kwance guganta, ta dubi 'ya'yanta, ta ce..." Sai tari ya sarƙe shi. Ya yi min alama da hannu, wato sai gobe. Bayan la'asar ya cika.

Da aka dawo daga maƙabarta, Gedi, tsohon abokinsa wanda ya yi wasa a yawancin wasanninsa, ya same ni a bakin murhu.

"'Yata, an ce waƙar na bakinki. Baiti biyu kawai suka rage. Ni zan ƙarasa, na san bakinsa fiye da haƙoransa. Babu wanda zai gane."

"Ni zan gane, Baffa."

"Waƙa mai guntun wutsiya wa zai ɗauka? A bakinki za ta mutu, ke da ba kya iya gaida mutum biyu a tare."

Na san ba ƙarya ya yi ba.

Washegari da safe na ɗauki butar shayi na shiga tsakar gidan, inda masu ta'aziyya suka cika tabarmi. Na ajiye butar, na ƙi zama. Na ce, "Hirsi Samatar ya ce." Da farko na kusa da ni kaɗai ke ji, daga baya har mazan da ke waje suka matso bakin ƙofa. Na kai inda tsohuwar ta dubi 'ya'yanta, na rufe bakina.

Wani daga waje ya ce, "To, me ta ce?"

"Nan ya tsaya," na ce.

Gwaggo Timiro ta matsa gefe, ta kakkaɓe min wuri a tabarmarta.